Yamai, Dutsi ko Maraɗi: ina Ba'are zai sauke kayansa?

Duk shekara, idan damina ta ja da baya aka fara yankan hatsi, akwai maganar da ke tashi a majalisun Arawa mazauna Yamai. Lokacin ne takardun canjin wurin aiki ke fitowa, lokacin ne kuma waɗanda ritaya ta ƙarato musu ke fara ƙirga watanni da yatsu. Ɗan kasuwa shi ma a wannan tsakani yake buɗa littafin bashi, ya duba abin da shekara ta bar masa. Mushen lakwal da ya yi shekara talatin da alli a hannu, da jami'in duwan, da mai shago a babbar kasuwa, tambayarsu guda ce: ina za a sauke kaya? A zauna Yamai? A koma gida Dogon Dutsi ko Tibiri? Ko kuwa a nausa gabas, Ƙonni ko Maraɗi, inda ake cewa kuɗi na yawo?

Masu ba da shawara ba su da wuyar samu. Wannan ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wancan ya ce gida ba ya biyan kuɗin magani. Abin da muka lura shi ne, yawancin masu wannan muhawara gari suke aunawa: iskarsa, arahar hatsinsa, kirkin mutanensa. Kaɗan ne ke auna hanyar da ke ciyar da garin, su kuma tambayi kansu a hannun wa mabuɗin hanyar yake. Alhali kuwa a ƙasa irin tamu, wadda ba ta da bakin teku, gari ɗan hanya ne. Ba sai an je nesa neman shaida ba, Dogon Dutsi kanta ta isa.

Yadda hanya ta haifi Dutsi

A watan Yuni na 1898 Faransa da Ingila suka zauna a birnin Paris suka raba ƙasar da yawancinsu ba su taɓa takawa ba. Suka kafa tsinin alƙalami a kan Sakkwato, suka zana da'ira mai nisan mil 100, wato wajen kilomita 160, suka ce abin da ke ciki na Ingilishi ne. Matankari da Dutsi da Ƙonni duk suka faɗa ciki. Da Faransawa suka zo tafiya daga bakin Kwara zuwa Damagaram sai suka tarar an bar musu hanyar da ke zagaye ta arewa, inda rijiyoyi ke nesa da juna, dabbobin dako na mutuwa da ƙishi. Suka koma teburi. Yarjejeniyar 1904 da ta 1906 suka turo iyaka kudu, don kawai Faransa ta samu hanya mai ruwa. Ta haka ne mafi yawan ƙasar Arewa ta zama ƙasar Faransi, aka bar ƴan uwa na Kangiwa da kewaye a ƙasar Ingilishi, cikin jahar Kabi ta yau.

A 1906 ɗin nan kumandan ya kafa barikinsa a Dogon Dutsi, wadda a lokacin ƙauye ce a gindin duwatsu, ya bar Matankari, tsohuwar mazaunin Sarkin Arewa. Sarauta ta bi bariki, kasuwa ta bi sarauta, daga baya lakwal da gidan likita da tasha suka biyo. Yau babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa garin, kimanin kilomita 275 daga Yamai, kuma ƙidayar 2012 ta sami mutum wajen dubu 37 a cikinsa. Matankari ba ta yi laifin kome ba. Damagaram ma ba ta yi ba, sa'ad da aka ɗauke mata babban birni aka kai Yamai a 1926.

Wanda ya koma Dutsi yau zai tarar da gari mai rai. Duk motar da ta fito Yamai za ta Tawa, Agadas, Maraɗi ko Difa sai ta bi ta gaban ƙofarsa. Noman rani ya kafu, dankalin Turawa na Dutsi ya yi suna har kasuwannin Yamai. Sai dai mai sayen fili ya buɗe ido: ruwan da ke gangarowa daga duwatsu da damina ba ya tambayar takardar fili, kuma unguwannin da ke kusa da tafki sun san haka. A je duba fili cikin watan Agusta, ba cikin sanyin Janairu ba, lokacin da Tozon Bijini ke ɗaukar ido har mutum ya manta da duba ƙasan ƙafarsa.

Tibiri labarinta daban ne. Tun 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta, tare da Dumega, Geceme da Kore Mairuwa. Nan kwarin Dallol Mauri ya fi sauƙin ruwa, ana samunsa a kusa, ba kamar kan fako ba inda rijiya ke cin gaba da yawa kafin a ga danshi. Ga mai son lambu da kiwo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma Tibirin Samna ba ta kan babbar hanya, Kore Mairuwa ce ke kanta. Fuskar Tibiri Najeriya take kallo: naira na yawo a kasuwannin yankin kamar sefa, kuma kasuwar Bacaka da ke tsallaken iyaka ta fi Yamai kusa da zuciyar ɗan kasuwar wurin. Idan iyaka ta yi tari, Tibiri ce ke kwana da zazzaɓi.

Iyakar kuwa ta sha yin tari. Daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986 Najeriya ta rufe ta, abin ya haɗu da fari, har mutanen ƙasar Hausa ta Nijar suka laƙa wa yunwar shekarar sunan Janar Buhari. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi cikin dare ɗaya, lissafin kowane mai shigo da kaya ya birkice. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 aka sake rufewa. A Mayu 2023 Najeriya ta janye tallafin man fetur, sana'ar dubban masu jarka a bakin hanya ta girgiza. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa daga Birnin Kabi, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Cikin shekara arba'in, rufewa uku manya. Ɗan kasuwar da zai gina gida a bakin iyaka ya sa wannan cikin lissafi kamar yadda manomi ke sa fari.

Gaya ta fi kowa ɗanɗana wannan darasi. Shekara da shekaru ita ce ƙofar kayan da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kamiyo na jere tun daga gadar Malanbil. Wanda ya ƙaura can a 2015 kowa zai ce ya yi dabara. A 2023 gada ta rufe, kuma ko bayan da aka ɗage takunkumi a Fabrairu 2024 ɓangaren Nijar ya ci gaba da zama a rufe. Mutane da ƙananan kaya suka koma tsallaka kogi cikin kwalekwale, manyan kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Gaya ba ta gusa daga inda take ba ko da taku ɗaya.

Jiragen da suka ƙi bi ta kanmu

A nan mai karatu zai yi mana haƙuri mu ɗan ratse, don marubucin wannan shafi yana da wani ciwo da ba ya jin magani, wato son labarin jiragen saman yaƙin Hitila. Ratsen kuma ba na banza ba ne.

Jirgin sama ya fara sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar. A 1936 kamfanin jiragen Ingila ya buɗe hanyar wasiƙu tsakanin Hartum da Kano. Abin bai wuce haka ba sai da yaƙi ya zo. A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, ga shi kuwa sojojinta na Masar na bukatar jiragen yaƙi da gaggawa. Zagaye ta ƙasan Afirka ta Kudu na cin watanni. Sai aka tuna da tsohuwar hanyar wasiƙu.

Dabarar ita ce: a ɗauko jirgi a wargaje cikin manyan akwatunan katako, a sauke shi a tashar Takoradi, cikin Gana ta yau, makanikai su harhaɗa shi a can, sa'an nan a tuƙa shi ya tsallake Afirka daga yamma zuwa gabas. Daga Takoradi zuwa Ikko, daga Ikko zuwa Kano, sai Maiduguri, For Lami wadda yau ake kira Njamena, sai Janaina da Fashir cikin Darfur, sai Hartum, daga nan a bi kogin Nilu har Masar. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000, tana cin kwana biyar zuwa shida idan an yi sa'a. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940: Blenheim ɗaya mai inji biyu a gaba, Hurricane shida a bayansa.

Wannan tsari na ayari shi ya fi burge ni, don duk wanda ya san fatauci zai gane shi. Hurricane jirgin faɗa ne mai mutum ɗaya, an ƙera shi don ya tashi ya yi artabu ya sauko, ba don doguwar tafiya ba. Sai an ɗaura masa ƙarin tankunan mai, kuma matuƙinsa ba shi da mai duba masa taswira. Blenheim kuwa na ɗauke da mai lissafin hanya da mai rediyo, saboda haka shi ne madugu, sauran na biye da shi ido da ido. Idan hazon hunturu ya rufe sama, wanda ya ɓace wa madugu ya shiga uku. Shi ya sa ake shafa wa bayan jiragen farin fenti, don idan ɗaya ya faɗi cikin daji masu nema su hango shi daga sama. Ƙura na cin inji, har wasu jiragen kan isa Masar suna bukatar gyara tun ba su ga abokin gaba ba. Duk da haka, kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya.

To, mu a nan fa? Mu muna ƙarƙashin gwamnatin Vishi ta Marshal Petan, wadda ta yi sulhu da Jamus, har zuwa Nuwamba 1942. Sararin samaniyar Nijar haramun ne ga waɗannan jirage. Tun daga tashin farko sukan yi nisa cikin teku don kauce wa gaɓar Togo da Dahome, daga Kano kuma su miƙe gabas ba tare da sun karkata arewa ba. Da a ce Cadi ma ta tsaya tare da Vishi, da hanyar ta yanke a tsakiya. Amma ranar 26 ga Agusta 1940 gwamnan Cadi, Feliks Ebuwe, ya bi Janar Digol, sai ƙofa ta buɗe. Shawarar mutum ɗaya a For Lami ta cika filin jirgin Kano da injiniyoyi da leburori da ƴan kwangila, man jirgi na hawowa daga Ikko a jirgin ƙasa. A wannan gefen iyaka kuwa abin da talaka ya sani shi ne aikin tilas, da ƙwace hatsi da dabbobi, da sintiri a kan iyaka. Ba abin mamaki ba ne da mutane da yawa suka sulale cikin dare zuwa ƙasar Ingilishi, kamar yadda iyayensu suka yi a yunwar 1931. Aikin tilas bai ƙare ba sai 1946. Su ma waɗannan sun auna inda za su sauke kaya, sai dai ba a majalisa suka yi shawarar ba.

Hanya ba alheri kaɗai take kawowa ba. A watan Janairu na 1942 wani jirgin Jamus ƙirar Heinkel ya tsallako hamada daga Libiya ya zuba wa filin For Lami bamabamai, ya ƙone man da aka sha wahalar tarawa. Kano kuwa ta ci gajiyar filinta shekaru bayan yaƙi, ta zama zangon jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka, da na alhazai. Da aka ƙera jirage masu dogon zango, waɗanda ba su bukatar shan mai a tsakiya, sai suka riƙa wucewa ta sama. Kamfanin KLM, wanda ya daɗe yana sauka can, ya daina a 2012. Kano ba ta mutu ba, don tana da kasuwar Kurmi tun ƙarnuka kafin a ƙera jirgi. A zamaninmu mun ga irin wannan a Agadas, inda Amurka ta kashe sama da dala miliyan 100 ta gina sansanin jirage marasa matuƙi, ta fara aiki da shi a 2019, ta tattara ta fita a Agusta 2024. Wanda ya gina gidan haya da lissafin baƙin sansani, shekara biyar ya samu.

Maraɗi, da mizanin ma'aikaci

Wannan ne ya sa Maraɗi ke da nauyi a mizanin ɗan kasuwa. Ita ma iyaka ke ciyar da ita, ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, kuma duk rufewar da muka lissafa ta taɓa ta. Amma tana da ƙafa fiye da ɗaya: ƙasar noma mai yawan jama'a a bayanta, da alhazai masu jari waɗanda suka koyi juya kuɗi tun zamanin gyaɗa. Garin ma kansa ɗan ƙaura ne, don bayan ambaliyar 1945 ne aka tashe shi daga fadamar gulbi aka hau da shi tudu. Sai dai baƙo ba ya shiga kasuwar Maraɗi da kuɗi kaɗai. Bashi da amana ke tafiyar da ita, kuma amana sai da uban gida da shekaru. Ba'aren da ya kai hamsin ya tambayi kansa ko yana da shekarun da zai sake zama yaron wani.

Ana yawan kawo maganar jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021. Allah ya sa a gama lafiya. Mu dai mutanen jahar Doso mun ga an shimfiɗa dogo na kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, aka yi biki, sa'an nan ciyawa ta rufe ƙarfen. Kada a sayi fili saboda tashar da ke kan takarda.

Ma'aikacin gwamnati mizaninsa daban ne, don fanshonsa ba ya ƙaruwa ko raguwa da buɗewar iyaka. Jika ɗari a Dutsi ta fi jika ɗari a Yamai tsawon rai: ba kuɗin haya, ba kuɗin taksi, hatsi na zuwa daga gona. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. A gida mai fansho shi ne bankin dangi. Suna, biki, rashin lafiya, kuɗin makarantar ɗan ƙane, duk a ƙofarsa ake sallama, kuma ba ya iya cewa ba ya nan, don ana ganin takalmansa. Abin da ya tsira daga hannun mai gidan haya yakan fita ta wannan ƙofa, ko da yake fita ce mai lada.

Sai lafiya, wadda mutum mai shekara hamsin da biyar ke rainawa, mai saba'in kuma ba ya tunanin kome sai ita. Dutsi na da gidan likita na gunduma, Doso na da na jaha a nisan kusan kilomita 140, asibitin mishan na Galmi na can gaba da Ƙonni. Amma mai ciwon zuciya, ko ƙoda, ko sukari da ya yi nisa, ƙarshenta Yamai za a kai shi, tafiyar sa'a huɗu ko fiye idan mota ta samu. Daga wani ƙauyen Tibiri cikin damina, a ƙara abin da Allah ya sa.

Gona ma ba a cika faɗin gaskiyarta ba. Wanda ya bar gida shekara talatin yana cewa yana da gonar gado. Ƙannensa da ƴaƴansu kuwa shekara talatin suna nome ta, sun zuba mata taki, iyali sun ninka, ƙasa ba ta ƙaru ba. Ranar da ya dawo da niyyar karɓa, ranar zumunci ke fara tsami. Tun dokar ƙasar noma ta 1993 akwai kwamitocin filaye da ke ba da takardar shaida, kuma ya fi kyau a zauna da dangi gaban mai gari a rubuta kome tun mutum na bakin aiki, yana da abin da zai ba da a madadin abin da zai karɓa. Haka nan a tambayi uwargida tun da wuri. Ita ma ta yi shekara talatin tana gina nata zumunci da adashi da sana'a a Yamai, ƴaƴan kuma Zabarmanci da Faransanci sun fi zama a bakinsu bisa ga Hausar Arewa. Sau da yawa maigida ke komawa gida, iyalinsa kuwa baƙunci suka tafi.

A ganinmu, wanda ke da gida a Yamai kada ya sayar. Birnin ya haura mutum miliyan ɗaya tun ƙidayar 2012, kuma kuɗin hayar ɗaki biyu a can na iya riƙe tukunya a Dutsi. Ya je ya yi bazara ɗaya da damina ɗaya cur a inda yake so, da iyalinsa, kafin ya kira kamiyon kwasar kaya. Ɗan kasuwa kuma ya tuna yadda fataken goro na hanyar Gwanja suka yi: ba su tara ƴaƴansu a gari ɗaya ba, sun ajiye ɗa ko ƙane a kowane zango, ta yadda idan wannan hanya ta toshe waccan na aiki. Iyalan Arewa da yawa haka suke yi tun tuni ba tare da sun sa wa abin suna ba: tsoho a Dutsi, ɗa ɗaya a Yamai, ɗaya a biɗa can Ikko ko Abijan.

Saura abu guda, wanda shekara goma sha biyar da suka wuce ba wanda zai sa shi cikin lissafi. Arewacin gundumar Dutsi, wajen Dogon Kirya da Sukukutan, da dajin da ke bin iyakar Sakkwato da Kabi, sun ga hare-haren ƴan bindiga da satar dabbobi a ƴan shekarun nan. Ma'aikacin da aka sani da aikin gwamnati, da ɗan kasuwar da aka sani da kuɗi, su ne suka fi dacewa su yi tambaya kafin su gina gida a ƙauye, su kuma tambayi mai kwana can, ba mai zuwa sallah ba. Jiragen yaƙin da a 1941 suka kauce wa samaniyarmu yanzu suna cikinta: Nijar ta karɓi jirage marasa matuƙi ƙirar Bayraktar daga Turkiyya a 2022. Ranar 25 ga Disamba 2024 kuma jiragen sojan Najeriya da ke farautar Lakurawa suka kai hari a ƙauyuka biyu na ƙaramar hukumar Silame, cikin jahar Sakkwato, mutanen gari aƙalla 10 suka rasu. Daga Silame zuwa Dogon Dutsi, a miƙe, bai kai kilomita 150 ba.